Wa ke biyan kuɗin taurin kan Google?

Ɗiyar yayata tana sayar da turaren wuta da humra daga ɗakinta a Tudun Wadan Zariya. Ba ta biyan hayar shago, wayarta ce shagonta, kuma manyan masu sayen kayanta a lokacin 'yan matan da suka gama jami'ar Ahmadu Bello ne suka watsu Abuja da Legas da Fatakwal, suna tuna ƙamshin gida. A Twitter suke haɗuwa da ita. Ranar Asabar 5 ga Yunin 2021 ta kira ni da hantsi.

"Kawu, data ce ta ƙare ko wayar ce ta samu matsala? Tun asuba Twitter ta ƙi buɗewa."

Na ce mata wayarta lafiya lau take, gwamnati ce ta rufe. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To ni me na yi wa gwamnati?"

Tun ranar, duk sa'ad da na ji ana yabon wani katafaren kamfanin fasaha cewa ya tsaya ƙyam ya ƙi bin umarnin wata gwamnati na toshe bakin jama'a, sai tambayar yarinyar nan ta dawo mini. Ina cikin masu ganin cewa ƙin bin irin wannan umarni daidai ne a mafi yawan lokuta. Amma abin da na lura da shi, kamfani ba ya taurin kai sai inda ya lissafa ya ga zai iya ɗaukar asarar, gwamnati kuma ba ta rufe ƙofa ta daɗe sai inda take da madadin abin da ta rufe. Tsakanin lissafin waɗannan biyu akwai mutum na uku da ba a shawarta ba, shi ne kuma yake fara biya.

Babu labarin da ya fi nuna haka kamar na Google a ƙasar Sin. A watan Janairun 2006 kamfanin ya buɗe shafin bincike na musamman don Sinawa, google.cn, bisa sharaɗin zai riƙa tace abin da mutum zai gani. Wanda ya nemi labarin kisan masu zanga-zanga a dandalin Tiananmen a 1989, ko maganar Tibet da Dalai Lama, ko ƙungiyar Falun Gong, sai a ɓoye masa wasu sakamakon. Abin da Google ya yi don ya wanke fuskarsa shi ne rubuta ɗan layi a ƙasan shafi yana sanar da mai bincike cewa an cire wasu abubuwa bisa dokar ƙasa. Hujjarsa a lokacin ita ce, gara Basine ya samu rabin ilimi da ya rasa duka. Shekara huɗu ana wannan zaman doya da manja.

Ranar 12 ga Janairun 2010 babban lauyan kamfanin, David Drummond, ya sanar da cewa an yi musu kutse daga cikin Sin, an saci wasu sirrinsu, an kuma yi ƙoƙarin leƙa akwatunan Gmail na masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam. Ya ce ba su kaɗai aka taɓa ba, akwai aƙalla wasu manyan kamfanoni 20. Daga nan suka ce sun daina tace bayanai, ko da hakan zai kai ga rufe ofishinsu. Wasu Sinawa har furanni suka je suka ajiye a ƙofar ofishin kamfanin da ke Beijing, kamar masu ta'aziyya. Ranar 22 ga Maris aka fara karkatar da duk mai shiga google.cn zuwa shafin Hong Kong, inda dokar tacewar ba ta kai ba. Sergey Brin, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa kamfanin, a Mosko aka haife shi zamanin Tarayyar Sobiyet, iyayensa suka fita da shi yana ɗan shekara shida, kuma bai ɓoye cewa abin da ya gani a Sin ya tuna masa da ƙasar da suka baro ba. Ban ga dalilin ƙaryata shi ba. Mutum kan yi abu saboda zuciyarsa ko da yana da kuɗi.

Sai dai mu duba aljihun. A 2009 Google ya samu kuɗin shiga sama da dala biliyan 23 a faɗin duniya, abin da ke fitowa daga Sin kuwa masu ƙiyasi a lokacin ba su kai shi sama da kashi 2 cikin 100 ba. Wato ranar da ya ce a'a, ko rigarsa ba ta yamutse ba. Abin da ya yi asara ba kuɗin ranar ba ne, kasuwar gobe ce. A ƙarshen 2009 masu amfani da intanet a Sin miliyan 384 ne. Kafin 2021 ta ƙare sun haura biliyan ɗaya. Google yana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin uku na kasuwar bincike lokacin da ya fita, cikin 'yan shekaru rabonsa ya zube ya koma abin da ba a lissafi da shi, a 2014 kuma hukuma ta toshe ayyukansa kusan gaba ɗaya, har da Gmail. Baidu, kamfanin gida da Robin Li ya kafa a shekarar 2000, wanda dama shi ne a gaba, ya kwashe sauran. Abin dariya ma, yawancin wayoyin Sinawa a kan Android suke tafiya, wanda na Google ne, amma babu shagon manhajojinsa a ciki, babu taswirarsa, babu tallansa. Ya shuka, wasu na girbi.

Ita gwamnatin Sin me ta rasa? A zahiri kaɗan. Tun 2009 ta riga ta rufe YouTube da Facebook da Twitter, kuma kowace ƙofa ta rufe sai wani ɗan gida ya buɗe tasa: Weibo, WeChat, Youku, daga baya Douyin. Katangar da aka gina don hana labari shiga ta zama katangar kare kasuwa. Talaka mai bincike ne ya ji a jikinsa. A 2016 wani ɗalibi ɗan shekara 21 mai fama da ciwon daji ya rasu bayan iyalinsa sun kashe dukiya a kan wani magani da ya samo ta hanyar tallan da aka biya aka ɗora a saman sakamakon Baidu. Kafin ya rasu ya rubuta labarinsa, ƙasar ta ɗauka, hukuma ta tilasta wa kamfanin gyara yadda yake jera talla. Kasuwar da mai sayarwa ɗaya ne haka take, ko a Sabon Gari ne.

Wanda zai ce da Google ya zauna ya ci gaba da haƙuri, sai ya dubi waɗanda suka zauna. Yahoo ya miƙa wa hukumomin Sin bayanan wani ɗan jarida, Shi Tao, aka ɗaure shi shekara goma a 2005, har sai da shugaban kamfanin, Jerry Yang, ya nemi gafarar mahaifiyar mutumin a gaban majalisar Amurka a 2007. Apple, wanda yawancin wayoyinsa a Sin ake harhaɗa su, kuma a wasu shekaru kusan kashi ɗaya cikin biyar na cinikinsa daga yankin yake fitowa, ya cire manhajojin VPN, waɗanda ake zagaye toshewar intanet da su, daga shagonsa na can a 2017, ya mayar da ajiyar bayanan Sinawa hannun wani kamfani mai alaƙa da gwamnati a lardin Guizhou a 2018, a watan Afrilun 2024 kuma ya cire WhatsApp da aka ce ya cire. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bambancin Apple da Google a nan ba wai ɗaya ya fi ɗaya tsoron Allah ba ne. Ɗaya hannunsa na cikin bakin kura har kafaɗa, ɗayan yatsa kawai ya sa.

Shi ma Google ɗin bai daina waiwaye ba. A watan Agustan 2018 aka bankaɗo cewa yana ƙera wani sabon shafin bincike mai tacewa a ɓoye, mai suna Dragonfly, don komawa Sin. Ma'aikatansa sama da dubu suka sa hannu a takardar ƙorafi, 'yan majalisar Amurka suka taso, a 2019 aka ce an yi watsi da shi. Kuma har yau kuɗin Sin na shiga aljihun waɗannan kamfanoni ta bayan gida, domin 'yan kasuwar can suna sayen talla don tallata kayansu a ƙasashen waje. Meta, mai Facebook, da bakinsa ya ce kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigarsa a 2023 daga masu talla na Sin ya fito, alhali Basine ba ya iya buɗe Facebook a gidansa.

A Zariya aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma duk wanda ya tashi a garin nan ya san sunan tun kafin ya iya karatu. Kirari ne mai daɗi. Amma kamfani mai masu hannun jari da ke jiran riba duk bayan wata uku, gaskiyarsa tana fin kwabo ne muddin kwabo ne. In ya zama fam, sai a kira taro.

Mu dawo gida. Ranar 2 ga Yunin 2021 Twitter ya goge wani saƙo na marigayi Shugaba Muhammadu Buhari wanda ya tuna wa masu tayar da hankali a kudu maso gabas yaƙin basasa, yana cewa saƙon ya saɓa ƙa'idarsa. Bayan kwana biyu ministan yaɗa labarai, Lai Mohammed, ya sanar da dakatar da kamfanin, sanarwar ma a Twitter ɗin aka wallafa ta. Dama akwai jiƙaƙƙiya: goyon bayan da shugaban Twitter na lokacin, Jack Dorsey, ya nuna wa zanga-zangar EndSARS a 2020, da kuma zaɓen Gana da kamfanin ya yi a matsayin mazaunin ofishinsa na Afirka a watan Afrilun 2021. Ba zan ɓoye ba, a majalisun shayi na Samaru da Kwangila mutane da yawa tafi suka yi. Cewa suke wane ne wani Bature da zai zauna a San Francisco ya goge maganar shugaban ƙasarmu, alhali ya bar masu kiran a kashe mutane suna ta rubutu? Tambayar tana da nauyi, ni ma na yi ta.

Rufewar ta kai kwana 222. Jami'an gwamnati suka koma wata manhajar Indiya mai suna Koo, jama'a suka ƙi binsu, manhajar ma ta mutu a 2024. Matasa suka koyi VPN cikin dare ɗaya, duk da barazanar ministan shari'a cewa za a gurfanar da masu karya dokar. Ranar 13 ga Janairun 2022 aka buɗe, bayan gwamnati ta ce kamfanin ya amince zai yi rajista a Najeriya, ya naɗa wakili, ya biya haraji. A watan Yulin shekarar kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa rufewar ta saɓa doka. Ihu bayan hari, amma gara da aka yi shi, yana nan a rubuce.

Wa ya ci, wa ya faɗi? Twitter bai girgiza ba, domin abin da yake samu daga tallan Najeriya ba abin da zai hana masu shi barci ba ne. Gwamnati ta samu takardar da za ta nuna ta ce ta yi nasara. Ɗiyar yayata kuwa ta yi wata bakwai tana kunna VPN da ke shanye mata caji da data, wayar na nuna wai tana Holan, masu sayen kayanta rabi sun ɓace saboda ba kowa ne zai iya wannan wahala don kwalbar humra ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sa'armu ɗaya a Arewa, yawancin cinikinmu a WhatsApp da Facebook da Instagram ake yi. Da ɗaya daga cikinsu aka rufe, da telolin Zariya masu tura hoton ɗinki, da masu saƙar hula, da dillalan hatsi da ke turo farashi daga kasuwannin ƙauye, duk sun gane kurensu. Mun ma ɗanɗana wani abu mai kama da haka a ƙarshen 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan jihar Kaduna saboda 'yan bindiga, mutane suna hawa mota su yi tafiya mai nisa don kawai su tura kuɗi ko su kira ɗan'uwa.

A nan bambancinmu da Sin ya fito fili. Su sun rufe ƙofa ne suna da Baidu a ɗaki. Mu mun rufe ba mu da komai, sai muka je aron na Indiya. Duk ɗan siyasar da ke sha'awar salon Beijing ya fara tambayar kansa wace masana'anta ya gina. Ko wayoyin da ke hannunmu, Tecno da Infinix da itel, na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen, kuma cike suke da manhajojin Google ɗin da aka hana masu ƙera su amfani da shi a gida.

Akwai inda nake rabuwa da masu yi wa kamfanonin nan kallon waliyyai. A watan Satumban 2012 wani bidiyo na ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) ya bazu a YouTube. Google ya toshe shi a wasu ƙasashe irin su Masar da Libiya, amma ya ƙi sauke shi daga shafin gaba ɗaya. Pakistan ta rufe YouTube tun daga lokacin har zuwa Janairun 2016, sa'ad da aka buɗe wani reshe na ƙasar wanda hukuma za ta iya neman a cire abu daga cikinsa. A garin nan an yi fushi sosai, kuma babu wanda zai gamsar da mu cewa wannan taurin kai jarumta ce. Ƙa'idar da kamfani ke kira 'yancin faɗin albarkacin baki, a California aka rubuta ta, da ma'aunin can. Ita Amurkar da ke yi wa duniya wa'azi, a 2024 ta yi dokar tilasta sayar da TikTok ko a rufe shi, Indiya kuwa tun 2020 ta kore shi. Don haka ban yarda cewa duk lokacin da kamfani ya yi gardama da gwamnati shi ne mai gaskiya ba. Lokacin da hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta Najeriya ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a 2024, maganar yadda ake sarrafa bayanan mutane ce, babu batun toshe bakin kowa, amma sai ga kamfanin yana nuna zai iya janye Facebook da Instagram daga ƙasar. Wannan barazanar ɗan kasuwa ce da ya san ba ka da wani shago.

Duk da haka, in aka ajiye mini zaɓi biyu, kamfanin da zai miƙa sunan ɗan jarida a ɓoye da wanda zai tattara kayansa ya fita, na biyun nake so. Dalili kuwa, umarnin toshewa da gwamnatoci ke bayarwa ba kasafai yake zama don kare addini ko zaman lafiya ba, ko da da sunansu aka fake. Yawanci don kare mai mulki ne daga jin kunya. Wanda ya yi tafi ranar da aka rufe bakin abokin hamayyarsa, ya tuna kujera juyawa take yi, makullin kuma yana nan a aljihun wanda zai gaje ta.

Gwamnatoci ma sun koyi darasi daga abin da ya faru a 2010. Yanzu ba sa tsayawa kan toshe shafi, sai su ce dole ka buɗe ofis ka naɗa wakili ɗan ƙasa, wanda za a iya kamawa. Da wannan Rasha ta sa Apple da Google suka cire manhajar zaɓe ta magoya bayan ɗan adawa Alexei Navalny a watan Satumban 2021, ana tsakiyar zaɓen majalisa. A Brazil, Elon Musk, wanda ya sayi Twitter ya sauya masa suna zuwa X, ya yi ta cika baki a kan alƙalin kotun ƙoli Alexandre de Moraes, aka rufe X a ƙarshen Agustan 2024, kafin tsakiyar Oktoba ya biya tara, ya naɗa wakili, ya toshe shafukan da aka ce ya toshe. Kasuwar Brazil ta fi ƙarfin a yi fushi da ita. Sharaɗin wakili da rajista da Najeriya ta gindaya wa Twitter daga wannan littafin aka kwafo shi, kuma yana da fuska biyu: hanya ce ta karɓar haraji da kai ƙara, wanda haƙƙinmu ne, hanya ce kuma ta riƙe wani ɗan Najeriya mai albashi a matsayin garkuwa.

Abin da nake nema daga kamfani bai da yawa. In umarni ya zo daga kotu, a fili, bisa dokar da aka sani, ya bi, ya ɗaukaka ƙara in bai gamsu ba. In kiran waya ne daga ofishin wani babba, ya ƙi, ya kuma faɗa wa duniya an kira shi. In ya toshe abu, ya rubuta cewa ya toshe, kamar ɗan layin nan na google.cn, wanda duk da ƙanƙantarsa yana gaya wa mai karatu cewa akwai abin da aka ɓoye masa. Babban aikin kuwa namu ne, a Majalisar Tarayya: a yi doka ƙarara cewa babu minista ko gwamna da zai rufe wata kafa ko ya katse layin waya da sanarwar baki, sai da izinin kotu, da wa'adi, da bayanin wanda zai ɗauki asarar 'yan kasuwa. Sanatocinmu da 'yan majalisarmu na yankin nan suna zuwa gaisuwar sallah da ɗaurin aure, ana iya tare su da wannan magana kamar yadda ake tare su da maganar taki da hanya.

Kwanan baya na biya Tudun Wada gaida yayata, na tarar da yarinyar a tsakar gida tana ɗura humra a kwalabe, waya biyu a gefenta da wani littafi mai bangon kwali. Na ɗauka littafin bashi ne. Ta buɗe mini, sunayen masu sayen kayanta ne da lambobinsu da garuruwansu, shafi bayan shafi, da biro.

"Wannan fa, duk ga su a waya?"

"Kawu ke nan," ta ce, tana toshe bakin kwalba. "Wannan dai sai an shigo har ɗakina kafin a rufe shi."